Murmushin da ya fi kuka ciwo: Adabin zambo da yadda masu karatu ke karɓarsa

Adabin zambo shi ne rubutun da ke ɗaukar wani aibi na mutum, ko na hukuma, ko na al'umma baki ɗaya, ya kambama shi har ya zama abin dariya, domin mai karatu ya ga munin abin da idonsa ya riga ya saba da shi. Akwai wani reshe nasa da ya fi sauran ɗaci, wanda ke neman dariya a inda aka saba zubar da hawaye, kamar mutuwa da kisa da fatara. Marubutan Amurka sun yi fice a wannan reshe, kuma tun daga shekarun 1930 suka sa kafofin watsa labaran ƙasarsu a gaba, wato jarida da talabijin da kamfanonin ɗab'i, suna zarginsu da mayar da wahalar mutane hajar sayarwa.

Tarihin waɗannan littattafai ya nuna wani abu da ke maimaita kansa. Duk lokacin da ɗaya ya fito, masu karatu sukan rabu, kuma gardamar takan wuce batun ko ya yi daɗi. Abin da ake jayayya a kai shi ne ainihin nufin marubucin: tona asirin mugunta yake yi, ko tallata ta? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An yi ta a kan mawaƙan ɓarayi, an yi ta a kan littattafan Kano, sannan a 2022 aka yi ta a kan Zamfara, har ta kai ga cin tarar miliyoyin naira.

Zambo da danginsa

Hausa ta tanadi kalmomi daban-daban ga abin da wasu harsuna ke haɗawa a kalma ɗaya. Zambo shi ne a fito da mutum a siffanta shi da muni, sau da yawa da ƙari a kan gaskiya, don a zubar masa da girma. Habaici kuwa ba ya kama suna. Ana jefa magana ne a bainar jama'a a bar mai ita ya tsargu, shi ya sa ake cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Barkwanci wasa ne da al'ada ta halatta tsakanin taubasai, ko tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, kuma wanda ya yi fushi a cikinsa shi ne ya faɗi.

Na huɗu shi ne gatse, wato faɗin akasin abin da ake nufi. Yaro ya fasa tulu, uwarsa ta dube shi ta ce ya kyauta, ya je ya fasa randar ma. Duk wanda ke tsakar gidan ya san ba umarni ba ne. Amma idan aka rubuta maganar a takarda aka miƙa wa baƙon da bai ga fuskar uwar ba, yana iya rantsuwa cewa ita ta sa yaron ɓarna. Littafin zambo na zamani ya fi dogara da gatse. Marubucin yakan ari bakin abin da yake ƙi, ya yi magana da muryarsa tun daga shafin farko har na ƙarshe, ba tare da ya ƙyafta wa mai karatu ido ba. Ƙarfin littafin daga nan yake fitowa, haɗarinsa ma daga nan ne.

Zambo a fadojin Zamfara

Ƙasar Zamfara tana cikin wuraren da zambon baka ya kai maƙura. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya bar waƙar 'Yandoton Tsafe da har yau ake sa ta cikin manyan waƙoƙin sarauta. Sa'idu Faru ya shahara wajen siffanta abokan hamayyar ubangidansa da dabbobin dawa da na gida. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin waɗannan makaɗa da nazarin salonsu.

A waƙar fada, yabo da zambo tare suke tafiya. Makaɗi yakan ɗaukaka sarkinsa, sannan ya juya kan 'yan sarkin da ke hanƙoron gadon, ya yi musu kaca-kaca. Duk da zafin maganar, da wuya mai sauraro ya ruɗe, domin kowa a ƙofar fada ya san makaɗin, ya san wanda ke ciyar da shi, kuma ya san wanda ake nufi ko da ba a ambaci suna ba. Wannan sanayya ita ce katangar da ke tsare ma'ana.

Katangar takan rushe idan makaɗi ya bar fada ya shiga wani fage. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da ɓarayi waƙa, haka ma Muhammadu Gambo na ƙasar Kabi, wanda laƙabinsa ma ya zama Mai Waƙar Ɓarayi. Waƙoƙinsu cike suke da raha a kan fasa gida da dukan kawo wuƙa da zaman kurkuku. Masu sauraro sun kasu biyu a kansu. Wasu na ganin makaɗan suna fallasa dabarun ɓarayi ne da wulaƙancin da ke jiran mai wannan sana'a. Wasu kuma na ganin zuga ce tsagwaronta, wadda ke sa yaro ya ɗauki sata jarunta. Kalmomin waƙar ba su sauya ba tsakanin kunne da kunne. Masu sauraron ne suka bambanta.

Daga bakin makaɗi zuwa takarda

Rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa da dariya ya fara. *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, labari ne na mayaudara biyu, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, da ke bin gari-gari suna haɗa wa juna tarko, suna cin amanar masu saurin gaskata duk wanda ya naɗa rawani. A 1975 Bala Abdullahi Funtuwa ya fitar da *Gandun Dabbobi*, fassarar littafin George Orwell na 1945. Orwell Tarayyar Sobiyet ya nufa, amma fassarar ta zo a zamanin mulkin soja, kuma mai karatu a Arewa ba ya buƙatar sanin Rasha kafin ya gane dabbobin da suka kori azzalumi suka gaji kujerarsa da halinsa.

A 1982 aka buga wasu littattafai da suka yi nasara a gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya. *Turmin Danya* na Sulaiman Ibrahim Katsina ya bi sawun wani attajiri ɗan fasa-ƙwauri da jami'an da ya saye. *Ƙarshen Alewa Ƙasa* na Bature Gagare ya fi shi duhu, domin ya ɗora labarin a kan Mailoma, shugaban gungun 'yan ta'adda a Najeriyar bayan yaƙin basasa, ya kuma bayyana kisa da miyagun ƙwayoyi ba tare da sakaya ba.

Babbar muhawara a kan tasirin littafi ga mai karatu ta ɓarke ne a shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa. Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana sukar ingancinsu, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka tsaya a kan cewa madubin zamaninsu ne. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta jagoranci ƙona wasu littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Akasarin littattafan ba na zambo ba ne, amma tuhumar ita ce dai wadda aka yi wa Kassu da Gambo, cewa wanda ya nuna ɓarna ya koyar da ita.

Littattafai huɗu daga Amurka

A Amurka, inda jarida da talabijin suka daɗe da zama babbar kasuwa, littattafai huɗu sun isa su nuna hanyoyin da masu karatu ke bi idan aka yi wa wannan kasuwa zambo.

Martani na farko shi ne shiru. A 1933 Nathanael West ya fitar da *Miss Lonelyhearts*, labarin wani ɗan jarida namiji a New York da aka ba shi filin amsa wasiƙun masu damuwa, yana sa hannu da sunan mace. An ƙirƙiri filin ne don a ƙara cinikin jarida, kuma ma'aikatan gidan suna ɗaukarsa abin wasa. Sai dai wasiƙun na gaske ne. Akwai ta budurwar da aka haifa ba hanci, akwai ta matar da haihuwa ke neman kashewa. Editansa, Shrike, ba shi da aiki sai yi masa gatse, har ɗan jaridar ya fara zautuwa, daga ƙarshe mijin wata mai rubuto wasiƙa ya zo masa da bindiga a naɗe cikin jarida. Masu sharhi sun yaba, amma kamfanin Liveright da ya buga littafin ya karye cikin makonni kaɗan, maɗaba'a ta riƙe akasarin kwafin saboda bashi, kuma cinikin bai taka kara ya karya ba. A wannan shekarar aka yi fim da shi, aka cire ɗacin, aka mayar da shi wasan ban dariya mara nauyi. West ya mutu a haɗarin mota a Kalifoniya ranar 22 ga Disamba, 1940, yana da shekara 37. Sai da aka tattara ayyukansa a kundi ɗaya a 1957 sannan jama'a suka waiwaye shi.

Martani na biyu shi ne fushi. *American Psycho* na Bret Easton Ellis labari ne da wani matashin ma'aikacin kasuwar hannun jari, Patrick Bateman, ke bayarwa da bakinsa. Yana lissafa sunayen kamfanonin tufafinsa, da shirin hirar talabijin da yake kallo kowace safiya, da mutanen da yake kashewa, duk da murya ɗaya mara motsi. Nufin marubucin shi ne nuna al'ummar da talla ya cinye har rai da riga suka zama daraja ɗaya. Kafin littafin ya fito, wasu mujallu suka buga sassan da suka fi muni. A Nuwamban 1990 kamfanin Simon & Schuster ya fasa bugawa, ya yafe dala 300,000 da ya riga ya biya marubucin. Reshen Los Angeles na babbar ƙungiyar mata ta ƙasar ya yi kiran a ƙaurace wa kamfanin da ya karɓi littafin, kuma Ellis ya samu wasiƙun barazanar kisa. Kamfanin Vintage ya fitar da shi a Maris 1991. Jamus ta taƙaita sayar da shi daga 1995 zuwa 2000, a Ostireliya kuma a naɗe cikin leda ake sayar da shi ga wanda ya kai shekara 18. Da yawa daga masu fushin guntayen da mujallu suka tsakuro kawai suka gani, suka ɗauki muryar Bateman a matsayin muryar Ellis.

Martani na uku ya biyo bayan wannan littafi ne, kuma ya fi na biyu ban tsoro. Bayan Mary Harron ta mayar da shi fim a 2000, tare da Christian Bale a matsayin Bateman, sai aka wayi gari wasu samari a intanet sun ɗauki makashin gwarzo. Suna yaɗa hotunansa, suna kwaikwayon adonsa da taƙamarsa. Mutumin da aka ƙera don a yi masa dariyar ƙeta ya zama abin koyi.

Martani na huɗu shi ne tafi daga wanda aka zamba. A *Being There* na Jerzy Kosinski, wanda ya fito a 1971, wani mai kula da lambu mai suna Chance bai iya karatu ba, bai taɓa fita daga gidan maigidansa ba, kuma duk abin da ya sani daga talabijin ya gani. Da maigidan ya mutu aka kore shi, motar matar wani hamshaƙi ta buge shi, aka kai shi gidansu jinya. Shugaban ƙasa ya tambaye shi ra'ayinsa kan tattalin arziki, shi kuwa ya yi maganar yadda shuka ke bushewa ta sake tohowa idan lokacinta ya zo. Aka ɗauka hikima ce, aka gayyace shi talabijin, kafin mako ya ƙare ana batun tsayar da shi takara. Masana'antar da aka yi wa zambon ta rungumi labarin, ta yi fim da shi a 1979 tare da Peter Sellers, fim ɗin kuma ya samu kyautar Oscar. Masu karatu a Folan, ƙasar haihuwar Kosinski, nasu martanin daban ne: sun ce labarin ya yi kama ƙwarai da wani sanannen littafinsu na 1932 na Tadeusz Dołęga-Mostowicz, zargin da ya bi marubucin har ƙarshen rayuwarsa.

Haka ta faru da *Erasure* na Percival Everett, na 2001. Wani farfesa baƙar fata, Monk Ellison, ya gaji da yadda kamfanonin ɗab'i ba sa son komai daga baƙaƙe sai labarin bindiga da ƙwaya. Cikin fushi ya rubuta mafi munin irin wannan labari da sunan bogi, don gatse. Kamfanoni suka yi rububinsa, talabijin ta yayata shi, har aka ba shi babbar kyautar adabi a kwamitin da shi Monk ɗin yake alƙalanci. A 2024 fim ɗin da aka yi da littafin, *American Fiction*, ya ci Oscar na rubutun labari. Masu ba da kyauta sun karrama labarin da ke cewa masu ba da kyauta ba sa gane abin da suke karantawa.

Me ya sa ake rabuwa?

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan al'amari. A 1971 gidan talabijin na CBS ya fara wasan *All in the Family*, wanda jigonsa, Archie Bunker, dattijo ne mai ƙyamar baƙaƙe da baƙi, an kuma ƙirƙire shi ne don a yi wa wariya dariya. A 1974 Neil Vidmar da Milton Rokeach suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan masu kallo a Amurka da Kanada. Sun gano cewa kowa na jin daɗin wasan, amma masu ra'ayin wariya sun fi ganin Archie a matsayin mai faɗin gaskiya wanda ke cin gardama. A 2009 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio suka samu irin wannan sakamako a kan Stephen Colbert, ɗan barkwancin da a lokacin yake shigar mai sharhi ɗan ra'ayin riƙau. Masu ra'ayin riƙau da yawa sun ɗauka da gaske yake, wasan ne kawai lulluɓi.

Ko ƙwararrun 'yan jarida ba su tsira ba. A Nuwamban 2012 jaridar barkwanci ta The Onion ta ayyana shugaban Koriya ta Arewa, Kim Jong Un, a matsayin namijin da ya fi kowa kyau a duniya. Shafin intanet na jaridar People's Daily ta jam'iyyar da ke mulkin Chaina ya ɗauki labarin da gaske, ya buga shi haɗe da jerin hotunan shugaban.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne mai karatu yakan shiga littafi da ra'ayinsa, gatse kuma yakan bar masa ƙofa ya fita da shi yadda ya shigo. Makaɗin fada yana da jama'ar da ta san shi. Littafi yana tafiya shi kaɗai. Guntun bidiyo a waya kuwa ya fi littafi maraici, domin yakan iso ba farko, ba ƙarshe, ba sunan wanda ya yi shi.

Zamfara, 2022

A Zamfara wannan muhawara ta fita daga shafin littafi ta shiga rayuwa. A Maris 2022 gidan talabijin na Trust TV ya nuna wani shiri na musamman kan 'yan bindigar daji. Ranar 16 ga Yuli, Sarkin 'Yandoton Daji, masarautar da aka cire daga Tsafe, ya naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a bainar jama'a, alhali 'yan sandan Katsina sun sa ladar naira miliyan 5 a kansa tun 2020. Hotunan naɗin suka karaɗe wayoyi, washegari Gwamna Bello Matawalle ya dakatar da sarkin. Ranar 25 ga watan sashen binciken BBC na Afirka ya saki shirinsa kan jagororin 'yan bindigar Zamfara, wanda Yusuf Anka ya gabatar. A ciki Aleru ya ce satar mutane aikin yaransa ne, shi kisa yake yi. Wani jagoran kuma ya amsa cewa da hannunsa a sace 'yan matan makarantar Jangebe 279 a Fabrairun 2021.

Waɗannan shirye-shirye rahoto ne, ba zambo ba, amma martanin da suka samu ya bi layin da littattafan Amurka suka riga suka shata. Ministan Yaɗa Labarai, Lai Mohammed, ya ce an ɗaukaka ta'addanci. Ranar 3 ga Agusta hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV da MultiChoice da TSTV da StarTimes naira miliyan 5 kowannensu. Ƙungiyoyin kare 'yancin jarida suka ce an hukunta mai ɗauke da saƙo ne an bar saƙon, domin shirye-shiryen sun nuna gawarwaki da ƙauyukan da aka ƙona da iyayen da ke kuka, abin da hukuma ba ta so a gani. A Mayun 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci, a wata ƙarar daban, cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara.

A Oktoban 2022 gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu kafofi a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM da Gamji TV, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa a lokacin da aka hana tarukan siyasa. NBC ta ce umarnin ya saɓa doka, gwamnati ta janye ta nemi afuwa. Wata guda bayan haka wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi kan Gwamna Abdullahi Ganduje a TikTok. A wannan dandali dai an ga 'yan bindiga suna baje kuɗin fansa a gaban kyamara, wasu masu kallo kuma suna turo lambar asusunsu suna roƙon a san musu. Samarin da suka ɗauki Bateman gwarzo sun yi sha'awar mutumin da babu shi ne. Waɗannan kuwa kuɗin da aka sayar da gona da shanu aka tara suke roƙa.

Ma'aunin da masu nazari ke amfani da shi

Babu dokar da za ta raba zambo mai gyara da zuga mai ɓarna a kowane hali, amma masu nazarin adabi suna da tambayoyin da suke yi wa rubutu, kuma suna amfani ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da saƙo ya faɗo wa a WhatsApp.

Tambayar farko ita ce daga ina abin ya fito. Jaridar barkwanci takan bayyana kanta a shafinta, amma hoton da aka yanko daga shafin ba ya ɗauke da wannan bayani. Ta biyu ita ce ko an ga abin gaba ɗayansa. Fushin da aka yi wa Ellis ya fara ne tun littafin bai shiga kasuwa ba, kuma daƙiƙa 30 da aka tsakuro daga shirin minti 50 tana iya juya ma'anarsa. Ta uku ita ce bambance marubuci da wanda ya ƙirƙira. Abubakar Imam bai zama mayaudari ba don ya rubuta Malam Zurƙe, kamar yadda ɗan jaridar da ya miƙa wa ɗan bindiga makirufo bai zama ɗan bindiga ba, sai dai ana iya tambayarsa abin da ya sa a gefen muryar.

Tambaya ta huɗu ta fi sauran nauyi: a kan wa dariyar ta sauka? A littafin West ana dariya da edita mai taurin zuciya, da jaridar da ke cin riba da hawaye, da ɗan jaridar da ya ɗauki kansa mai ceto. Wasiƙun masu damuwa kuwa an bar su da kurakuran rubutunsu da zafinsu, kuma mai karatu yakan daina murmushi idan ya iso kansu. Da wannan ma'auni ake iya auna waƙar Gambo, da littafin Bature Gagare, da bidiyon da ya fito daga dajin Tsafe. Idan mutum ya gama kallo, abin da ya rage masa a rai shi ne rawani da babur da bindigar jagoran daji, to an yi masa talla. Idan kuwa fuskar matar da aka kashe wa miji a gona ce ta hana shi barci, aikin ya isar da saƙonsa, ko da ya fara shi da dariya.